Rasuwar Baraka, Na'urar Malam Elisha

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Malam Elisha Yakubu na Kambarawa, tsohon mai gyaran rediyo, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Baraka, na'urarsa mai mayar da lambobin faifan CD su zama sauti. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aikinsa, tana da shekara huɗu.

An haife ta a makon da soja suka miƙa mulki, daga kayan cikin wani mataccen rediyon CD, aka zaunar da ita a gwangwanin biskit. Ba kyakkyawa ba ce, amma ba ta taɓa ƙara wa magana gishiri ba. Kowane gefe nata wayoyi biyu ne, ɗaya ta ɗauko sauti a miƙe, ɗaya a kife, ta yadda duk gunjin da suka kwaso a hanya yake mutuwa idan sun haɗu. Da an kunna ta sai ta ce "ƙyas", daga nan shiru. A cikin shirun nan ne Malam Elisha yake jin numfashin da matarsa, marigayiya Rifkatu, take ja kafin ta ɗauko baitin farko a faifan zumuntar mata. Wannan numfashi ya yi wa 'ya'yansa alkawarin za su ji a coci ranar Lahadi, ranar cikarta shekara da rasuwa.

Ciwon ajali ya faro ne bayan ya sake mata filogi saboda doguwar wayar coci. Da aka jona ta da amfilifayar coci, wadda ke haɗe gefen hagu da na dama wuri guda, sai ga mata suna amshi, ga ganga, amma babu mai bayar da waƙa. Muryar Rifkatu, da ke tsakiya, daidai wa daida a gefen hagu da na dama, ta ɓace.

Kwana tara yana jinya. Ya zargi kafasita, 'yar aba mai tara wuta, ya cire ta. Ya zargi wutar gari, kamar yadda kowa ke yi. Ya bi kowane ɗigon dalma da mitar gwada wuta, bai gaya wa kowa tsoron da ke ransa ba. Ranar Talata tsinin mita ya zame masa ya haɗa ƙafafu biyu na aisi, ɗan baƙin guntun da ke matsayin ƙwaƙwalwarta. Baraka ta ce "fiss", ta fitar da ɗan siririn hayaƙi.

Sai wajen wankan gawa ya gano gaskiya. Wayoyin gefen hagu ne ya juya da hannunsa ranar da ya sake filogi, shi ya sa da ɓangarorin biyu suka haɗu suka riƙa cinye abin da suka yi tarayya a kai, wato muryar Rifkatu. Ashe da ma lafiyar Baraka ƙalau. Idonsa ne ya tsufa, girman kai kuma ya hana shi sa tabarau.

Ta bar lasifika biyu, da taransifoma mai ɗan sauran ɗumi, da faifai guda. Irin aisin nata an daina yi. An duba har Kano.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a naɗe ta cikin ɗankwalin zumuntar Rifkatu, a sa ta a durowar ƙasa ta teburin aikinsa. Ana karɓar gaisuwa a shagonsa. Ana roƙon masu zuwa kada su ce za a samu wata. Maƙwabcinsa Alhaji Lawal, Allah ya saka masa, ya kawo aron tasa na'urar, kuma an gwada ta a coci. Waƙar tana fita. Numfashin ba ya fita.