Cindo da Wasan Dauloli

A garin Tsamiyar Bawa an yi wani wawa, Cindo, yana zaune gidan wansa Jatau tela tare da uwarsu Inna Kande. Jatau na da wani wasa da ya sayo a birni, kwali ne mai taswirar daulolin dā. Kowa zai gina birninsa da 'yan itatuwa, ya tara dawakai, ya ci garuruwan abokin karawarsa. Da maƙwabcinsa Korau mahauci yake bugawa. Dama suna rigima kan rijiyar da ke iyakar gidajensu, sai suka rantse gaban jama'a duk wanda aka rushe daularsa ya haƙura da ita.

Wata rana Jatau zai tashi alwala, ya ce, "Cindo, tsare min ganuwata, kar kowa ya matso." Cindo ya ɗauko taɓarya ya tsaya. Korau na miƙa hannu zai tura dokinsa, ya sauke masa ita a yatsu. Idanun Korau suka kaɗa suka yi ja.

Wata rana wasa ya juya wa Jatau baya, ya yi tsaki ya ce, "Ina ma a samu mai ci min garin Korau!" Cindo ya sulale gidan Korau, ya tarar da garin masara a ƙwarya, ya yi ta afawa har ya ga gindinta. Matar gidan ta fito tana kururuwa. Tun daga nan Korau ba ya zuwa wasa sai da wuƙa a ƙugu.

Wata rana, kowa saura masa birni ɗaya, Korau ya ce Jatau ya matsar da doki a ɓoye.

"Ƙarya kake!" in ji Jatau.

Suka miƙe tsaye. Korau ya dafa ƙugu, Jatau ya zaro almakashi, jama'a suka ja da baya. Inna Kande ta leƙo daga zaure.

"Jama'a, ba mai zuba wa wutar nan ruwa?"

"Ga ni, Inna!"

Cindo ya kinkimo tulu ya juye a kan kwalin. Ganuwa da dawakai suka bi ruwa, iyakoki suka dame.

Korau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To yanzu wa ya ci?"

Jatau ya ce, "Ni ko garina ban gani ba."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Korau ya saki wuƙa, ya koma ya zauna.

Cindo ya leƙa ƙarƙashin kwalin ya ce, "Inna, ban ga wutar ba fa. In ƙaro?"