Robar Injiniya Aruna

Duk wanda bai san Injiniya Aruna ba a Doha, to famfon gidansa bai taɓa yoyo ba. Zangon Kumasi ne ya haife shi, ya ba wa Katar aro don tausayi. A takardar aikinsa an rubuta mai jiran shagon kayan famfo a unguwar Al Asmakh, amma wannan hassadar mai rubutu ce. A bayan idonsa ana ce masa Sarkin Roba. Lokacin korona shi ya wayar wa jama'a da kai cewa ba don robar kunnen takunkumi ba, da duniya ta tashi.

Da gasar kofin duniya ta zo, 'yan Zango suka shirya kallon wasan Gana a wani gida a unguwar Madinat Khalifa, in an tashi kuma a zaɓi shugaban ƙungiya. Shekara uku Aruna yana haɗiyar yawu a kan kujerar nan. Abin da ya rage masa kawai ya nuna wa dattawa ilimi.

Hajiya Sanatu ce mai haɗa lemon citta na taron, a tulun ƙarfe mai famfo. Robar murfin ta ɗan saki, tulun yana huci kaɗan-kaɗan. Ita haka take so, don citta da sukari in za su kwana sai an bar musu ƙofar numfashi. Da Aruna ya gani ya ce sai ya gyara, ta faɗa masa haka.

"Hajiya," in ji shi, "ki bar kimiyya ga masu ita. Ni da kike gani, iska ba ta taɓa wuce hannuna ba. Kalas, magana ta ƙare."

Ya cire tsohuwar roba ya sa mai kauri, ya ƙara ta biyu don kyautatawa, ya ɗaure da sifana har jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya kulle tulun a motarsa kwana biyu cikin rana, kada jahilai su taɓa. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Ranar taro ya sha farar jallabiya, ya dire tulun gaban liman.

"Jama'a, ku duba aiki. Wanda ya iya riƙe iska, riƙon jama'a ba zai gagare shi ba."

Ya sunkuya ya murɗa famfo. Famfon ya tsinke, ya wuce ta gefen kunnensa, kumfa ta wanke shi daga hula har takalmi. Wani tsami ya gauraye gidan, irin wanda dattawa suka yi ta rantsuwa ba su san shi ba. Lemon ya riga ya zama ɗan'uwan burukutu, abin da ba a faɗa a Doha.

Liman ya toshe hanci. "Injiniya, je ka wanke jikinka. Haka ba ka shiga sahu."

Yana banɗaki yana dirzar jallabiya aka yi zaɓen. Ko ƙuri'ar kansa bai samu ba.