Yadda Ake Kwantar da Bayan Mota a Ɗauko Suruki

Kai mai mota, matso kusa. In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari bayan motarka zai kwanta ƙasa kamar ta 'yan tsere, sunanka kuma ya zagaye Dutsin-Ma da Kurfi kafin la'asar. Mutawakkil mai shagon waya ya bi su bai tsallake ko ɗaya ba, ga shi har yau ana labarinsa.

1. Raina shokazobar da motar ta zo da ita

Waɗanda suka ƙera motar ba su san ko kai waye ba. Cire tasu, wato ƙarfen nan mai tare wa mota girgiza, ka sayo mai zobe, wadda in an murɗa mota take hawa ko ta sauka. Mutawakkil daga Kano aka kawo masa tasa, ja wur, don jar motarsa mai ƙofa biyu. Matsalarta ɗaya, in an ɗaura ba a ganinta. Sai ka riƙa durƙusar da mutane suna leƙawa.

2. Kada ka saurari bakanike

Naziru bakanike ya ce, "Maigida, a bar faɗin tafin hannu tsakanin taya da bodi. Hanyarmu ba irin ta cikin bidiyo ba ce."

Mutawakkil ya ce, "Naziru, ka taɓa wuce Funtua kuwa?" Ya karɓe sifana.

Haka ake yi. Shekara ashirin a gareji ba ta kai data ta kwana ɗaya ba.

3. Auna da ido

Awo da tef aikin tela ne. Murɗa zoben hagu har hannunka ya gaji. Murɗa na dama har a kira ka a waya. In ka sauke jak ka ga motar ta karkace kamar hular ɗan gaye, ja da baya ka karkata kanka, za ka ga ta miƙe. Akwai zobe na biyu, na kullewa. Bar shi sakwa-sakwa, ƙarfe ma yana son walwala.

4. Ƙara mata tauri

Ɗan maɓallin da ke kan shokazoba, juya shi har ya ƙure. Mota ce, ba katifa ba. In ka taka tsakuwa haƙoranka ba su haɗu ba, da saura.

5. Zaɓi babbar rana

Mutawakkil yana neman Raihana, 'yar Malam Ashafa na Rawayau. Wata shida Malam yana cewa "za mu duba". Ran nan ya aiko a zo a kai shi Kurfi ɗaurin aure, shi zai yi addu'a. Mutawakkil ya goge mota har sau uku, ya ce a ransa yau za a gama dubawa.

Malam babba ne a ilimi, babba a jiki. Ya ce shi baya yake zama. Aka kwantar da kujera ya kutsa da ƙyar, aka ɗora buhun geron gudummawa a but.

6. In ta yi ƙara, yi mata fassara

Suna barin ƙofar gida ƙasan motar ya fara gurzar turɓaya.

Malam ya ce, "Mi ke kuka ƙarƙashina?"

"Allah shi gafarta Malam, haka masu tsada suke yi."

Can gaba, inda amalanke ta ci hanya ta bar tudu a tsakiya, motar ta hau ta zauna a kan cikinta. Taya na juyawa, mota ba ta motsi. Salansa ta cire ta kwanta gefe. Masu noma suka ajiye fartanya suka zo kallo, zufa ta jiƙe wa Mutawakkil sabuwar shadda.

7. Bari suruki ya leƙa

Malam ya fito, ya zagaya, ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙarƙashi.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Sunan Naziru ya zo wa Mutawakkil har bakin leɓe. Ya haɗiye shi. "Ni ne, Malam."

"Da mi ka auna?"

"Da ido."

Malam ya tuɓe babbar riga ya miƙa masa. "Riƙe. Kawo jak da sifana. Shekara tara ina kanikancin manyan motoci kafin mahaifina ya kamo ni ya maida ni gaban littafi."

Ya karya karan dawa ya auna hagu da dama, ya murɗa, ya kulle zobe tam. Da aka sauke jak, sai ga motar tsere ta ɗaga baya kamar akuya mai shan ruwa a rafi.

Sun isa Kurfi an shafa fatiha, ana rabon goro. A hanyar komawa Malam ya dubi Mutawakkil.

"Yaro, wautarka ta kai buhu. Amma na tambaye ka, ba ka jingina wa wani ba. Turo magabatanka ranar Juma'a."

Mutawakkil ya kusa sakin sitiyari.

"Motar kuma a bar ta yadda na sa ta. Duk ranar kasuwa akwai geron da za ka kai mini."

Gargaɗi

Salansarka, haƙoranka da mutuncinka, duk ba su rataya a wuyan mai wannan rubutu ba. In naka surukin bai taɓa riƙe sifana ba, kada ka neme ni. Ni keke nake hawa.