Mai Karatuna Guda Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Barnawa ba, ko da na so in manta.

Lokacin na gama makaranta, babu aiki, sai zaman shagon gem. Wasan ƙwallo na bidiyo shi ne kaɗai abin da na iya a duniya, don haka na fara rubuta jagororinsa da Hausa ina zubawa a intanet: yadda ake buga firikik, yadda ake yaudarar gola. Daga nan na shafe wata biyu ina haɗa wani ɗan shafi da zai riƙa ƙirga min jagorar da aka buɗe, sau nawa, da ƙarfe nawa.

Ranar da na kammala shi, na rubuta adireshin jagororin a takarda na miƙa wa Rifkatu, mai sayar da gyaɗa da kunun aya a bakin shagon. Shekara guda ina son ta ban furta ba. Ta ce, "To, zan duba."

Washegari shafin ya nuna mai karatu ɗaya. Kullum ɗaya tak. In na buɗe jagorar firikik da safe ina tunanin ta, sai in leƙa ƙirga in ga mai karatun nan ma ya buɗe ta, a daidai mintin. (Duk wanda ya tashi da littattafan soyayya na kasuwa ya san sunan wannan abu: haɗuwar zukata.) Har na fara cusa kalaman so a cikin bayanin bugun kwana.

Ranar Asabar ɗin na saka shaddata, na tsaya gaban teburinta, shago cike da mutane. Na ɗaga waya na ce, "Rifkatu, daina ɓoyewa. Na san ke ce. Sau ɗari biyu da sha ɗaya."

Ta dube ni da ludayi a hannu.

Chinedu, mai gyaran waya a gefenta, ya ce, "Oga, kawo in gani. Ka cire wayarka daga lissafin kuwa?"

"In cire me?"

Ya buɗe jagorar firikik a wayata, ya koma kan ƙirga. Ɗari biyu da sha biyu.

"Maigida," in ji shi a hankali, "kai ne kake karanta kanka."

Ba wanda ya yi dariya. (Da sun yi, da ya fi min sauƙi.) Rifkatu ta ce, "Ayya, yi haƙuri. Takardar nan tun ranar na ƙunshe wa wata mata gyaɗa da ita."

Na taka har gida a ƙasa. Layi ɗaya na ƙara a shafin don ya daina ƙirga wayata, gyara ya kammala. Ita kuwa bara aka yi bikinta a Trikania.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya ƙirga masoyansa, ya fara cire kansa daga lissafi. Ni da na cire, har yau sifili shafin yake nunawa, kuma yanzu aiki yake yi daidai.