Rasuwar Kujerar Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, ni Zalika, matar Malam Nuhu mai albasa a nan Madawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Urno da Tabotaki rasuwar kujerata 'yar tsugunno, wadda gida ya sani da Kujerar Inna. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a gindin dogon yaron tsakar gida. A ƙarƙashina ta cika. Gara in faɗa da bakina kafin a kai muku labarin da ƙarin gishiri.

Marigayiyar ta haura shekara hamsin. Itacen ƙirya ce, daga gungume ɗaya aka sassaƙe ta, babu ƙusa a jikinta. A kanta kakata ta zauna ta yi mini wankan farko. A kanta Inna, Allah ya jiƙanta, ta wanke ɗiyata ta fari, wadda bakina ba ya kama sunanta, amma tunda takarda ba ta da kunya, Najiba nake nufi.

Kowa ya shaide ta da haƙuri da rufin asiri. Na fara hawanta ina amarya mai kilo hamsin da biyu, lokacin da dangin miji ke cewa tsinke aka kawo musu. Shekara uku ana ɗura mini fura da nono da man shanu, don kada a ce Malam ba ya ciyar da iyali. Na yi biyayya, na shanye. Ranar da na cika ƙofar ɗaki har guɗa aka yi. Yau ga ni da kilo ɗari da goma sha ɗaya. Kujerar nan ta ɗauki kowane ɗaya daga cikinsu, ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Ciwon ajalinta ya fara da daminar bara. In na zauna sai ta ce ƙiii, a hankali, kamar mai gudun ta kunyata ni. Na ce gara ce, na shafa mata baƙin mai. A lokacin ne kuma likita ta ce tansiyona, wato jinina, ya hau, gwiwoyina sun gaji, in sauke kilo ashirin, in rage mai da gishiri, in dinga tafiya da ƙafa.

To, na gwada, Allah ne shaida. Na fita da sassafe na nufi hanyar garake, wato lambunan bayan gari. A rana ta uku wani mai kabu-kabu ya tsaya zai ɗauke ni kyauta, wai ya zaci yaji na yi. Kafin azahar unguwa ta gama raba aurena. Na daure, na zubar da kilo uku. Sai Rukaiya, ƙanwar Malam, ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko rumbun yayanta ne ya ƙare. Magana ta kai majalisa. Malam ya shigo da balangu cike da takarda, yana rantsuwa ba a gidansa mace za ta rame ba. Ba zan yi ƙarya a gaban mamaciya ba: babu wanda ya buɗe mini baki. Na ci ina jin haushi, kuma ya yi daɗi. Da can an ce in ci, yanzu an ce in bari, kuma masu cewar babu wanda yake ɗaukar nauyin sai ni da kujera.

Daga nan kukanta ya koma ƙiii-ƙaƙ. Na yi kunnen uwar shegu.

Abin takaicin, ranar da ta cika zogale kawai na ci, ko ƙuli-ƙuli ban saka ba. Na zauna zan yanka albasa, sai ta ce ƙaras. Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Mata uku suka tashe ni, ɗaya tana sannu, biyu suna danne dariya da mayafi.

Ta rasu ta bar turmi da taɓarya biyu, da tukunyar ƙarfe babba, da ƙanwarta kujerar roba wadda ƙafafunta suka riga suka buɗe, da gado da yake kwance yana nishi. Ta kuma bar jika da bai iso ba tukuna. Najiba tana da cikin wata biyar, za ta zo goyon ciki gida, kuma wankan jaririn nan nawa ne. Amma mai wankan jariri ƙasa-ƙasa take zama a kan 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafa, ta tashi da ɗa a hannu ba tare da an ja ta ba. Rukaiya har ta fara cewa in ban iya ba ita tana nan. Wannan maganar ta fi faɗuwar yi mini ciwo.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba za a sa gawar a murhu ba, don ba zan ci tuwon da aka dafa da ita ba. An rataye karyayyar ƙafarta a ƙofar madafa, daidai inda nake ajiye kwalbar mai. Za a karɓi gaisuwa kullum bayan sallar asuba har wata huɗu, ba a gida ba, a kan hanyar garake, kuma a ƙafa. Kada a kawo abincin makoki. Wadda ta zo da fura ta koma da abinta. Wadda ta ga na rame ta yi mini addu'a a zuci, kada ta kai wa Malam.

Ɗantala masassaƙi ya zo ta'aziyya, ya ce zai yi mini sabuwa mai faɗi, ya ɗaure ƙafafunta da ƙarfe. Na gode masa, na ba shi gawar ya auna, na ce ya yi ta daidai da marigayiyar, kada ya ƙara ko yatsa ɗaya. Ita ba ta yi laifin komai ba. A wannan karon ni ce za a sassaƙe.

Allah ya sa ta huta. Allah ya ba ni ikon zama a kan magajiyarta ranar wanka, in tashi da jikana da ƙafafuna.