Ranar da Na Yi wa Taliya Miya da Shayi

Ni da bakina na ce wa Sani, abokin kasuwancina, ya kwantar da hankalinsa, shekara bakwai ina Dubai, babu abincin da zai ba ni kunya. Wani ɗan Japan ne ya gayyace mu cin abincin ƙasarsu, wanda muka yi wata uku muna lallaɓawa ya ba mu dilancin kayan gyaran mota.

Aka kawo taliya mai sanyi ƙalau, da wani koren abu a kwano. Na raɗa wa Sani, "Ikon Allah, miyar kuka har Japan!" Na juye a kan taliyar.

Sai ga mutumin ya ɗaga nasa kwanon yana kurɓa. Ashe shayi ne. Ya zuba min ido. Nan take na ga dilanci ya tafi. Don kada ya ce na wulaƙanta abincinsu, na cinye tas, ɗaci har ƙwaƙwalwa.

Dilanci dai mun samu. Amma har yau in aka kawo shayi a sitonmu na unguwar Al Qusais a Dubai, sai Sani ya ce, "Alhaji, a tuƙa tuwo ne?"