Ranar da Na Hau Soro Gyaran Eriya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau soron gidanmu a unguwar Kwarbai, ko da na so in manta, matan unguwa ba za su bari ba.

Tun da aka koma talabijin mai dikoda, tamu ta kama ciwon farfaɗiya. Mai karanta labarai zai buɗe baki ya daskare, fuskarsa ta farfashe gida-gida, sai allo ya yi baƙi. Baba ya yi tsaki ya dube ni: "Kai da kake jami'a a Kongo kullum da littafi a hammata, wannan ma ya fi ƙarfinka?"

Ni kuwa a unguwa an san ni da kunya. Kaina a ƙasa nake tafiya, iyaye har misali suke yi da ni in za su yi wa 'ya'yansu faɗa. (Ina jin daɗin hakan ƙwarai, ko da yake ina nuna kamar ban ji ba.) Sai na ɗauki maganar Baba kamar jarrabawa. Na karanta duk abin da na samu a kan sigina, na gano tashar da ke aiko mana ba ta da ƙarfi, ga katangu masu kauri sun kewaye mu. Magani shi ne a ɗaure eriya a doguwar gora, a kai ta saman soro, a saita ta daidai da hasumiyar tashar. Har manhajar nuna alƙibla na sauke a waya.

Abu ɗaya na tsallake. A cikin birni ba a hawa sama haka kawai, don wanda ya hau yana ganin tsakar gidan maƙwabta. Sai ka ɗaga murya ka ce, "Za a hau sama, a kimtsa!" mata su yafa mayafi ko su shige ɗaki. Na san wannan sarai. Na kuma faɗa, wallahi na faɗa, amma da muryar da ko ƙadangaren da ke jikin tsani bai juyo ba.

Na hau, na kafa gora, na ɗaga waya a gaban fuskata ina bin kibiya a hankali. Kibiya ta tsaya cak. Da na ɗago ido sai na ga inda ta tsaya: tsakar gidan Hajiya Ladi, maƙwabciyarmu, ana jajiberin sunan jikarta. Mata cike da tabarmi, wasu ana yi musu kitso, wasu ƙafa cikin ledar lalle, kawuna duk a buɗe. Ga ni a sama, waya a miƙe tana kallonsu.

"Innalillahi! Ga wani can yana ɗaukar mu hoto!"

Wuri ya hargitse. Masu lalle suka rinƙa tsalle da leda a ƙafa, wata ta kifa faranti a kai. Na yunƙura zan sauka, daidai lokacin Baba ya ƙwala mini kira daga ɗaki: "Yawwa! Ta kawo! Kada ka motsa!" Ban riga na ɗaure gorar ba, hannuna ne ke riƙe da ita. In saki, labaran Baba su tafi. In tsaya, mutuncina ya tafi. Sai na yi abin da ya fi muni: na tsaya, na runtse ido, na manta da sauke wayar.

Hajiya Ladi ta fito tsakiyar fili, ta riƙe ƙugu. "Au, ashe kai ne, salihin unguwa? Shi ya sa kullum kanka a ƙasa, ashe hutar da idon kake sai an hau sama!"

"Hajiya, alƙibla nake nema," na ce.

"Alƙibla? A gidana aka ce maka an mayar da ita?"

Aka fashe da dariya, har waɗanda ke ɓoye a ɗaki.

Bayan la'asar Baba ya tasa ƙeyata zuwa zauren gidan Hajiya Ladi. Na durƙusa, aka karɓi wayar aka bincika ta ciki da bai, ba a ga komai ba sai kibiya da hotunan shafukan littafi. Hajiya ta miƙo mini ita ta ce, "Na yarda ba ka ɗauka ba. Amma bakin nan naka, ajiye shi kake yi don wa?" Baba, maimakon ya kare ni, cewa ya yi, "Ai Hajiya hoton kam ya gyaru."

Eriyar tana nan har yau tana fuskantar gidan Hajiya Ladi, don nan kaɗai take kamawa. Duk sanda iska ta karkatar da ita, ni ake turawa. Yanzu kafin in taka tsani nakan ƙwala sanarwar da sai an ji a masallacin unguwa, daga bayan katanga kuma a amsa: "Mun ji, Mai Alƙibla, hau abinka!"

Darasin da na koya bai cikin littattafan sigina: mai jin kunyar ɗaga murya sau ɗaya, unguwa ce za ta ɗaga masa tata har ya tsufa.